KATIN DA BAI JIƘE BA

SHAFI NA 23

Masu cika min akwatin saƙo da "Majken, ina ci gaba?" na ji ku. Kwana huɗu ina buɗe shafin nan ina rufewa. Wannan ne wurin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har 'yata. Abu ɗaya nake roƙo, kada wanda ya zagi kowa a ƙasa sai ya karanta har ƙarshe.

*

Ƙarfe ɗaya na rana, amma in ka leƙa taga babu abin da za ka gani sai fari.

Mu huɗu ne a ɗakin katakon masunta da ke bakin tafki, ɗakin da aka yi don mutum biyu. Ni, da Hampus, da Sixten, da Elof. Asalinsu abokan yayana Joar ne, ni na liƙe musu tun ina ƙarama har suka gaji da korata. Da mu biyar ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan da tafkin nan ya cinye Joar.

Da safe muka fito a kan baburan ƙanƙara, wai mu ɗan kama kifi mu koma gari da wuri. Iska ta taso, babur ɗin Sixten ya mutu a tsakiyar tafki, da kyar muka lallaɓo nan. Yanzu dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa har ƙirji. Waya kuwa ko ɗigon sabis babu.

"Saura itace nawa?" in ji Elof.

Sixten ya leƙa akwati. "Bakwai. Da kujera ɗaya, in ta kama."

"Kafin a taɓa kujera a fara da babur ɗinka," in ji Hampus. "Ko ba komai ya yi amfani sau ɗaya a rayuwarsa."

"Ka kiyaye ni, Hampus. Wata uku ke nan da fitowarsa daga kamfani."

"Shi ya sa yake kewar gida."

"Yana da abin ɗumama hannu. Yana da abin ɗumama wurin zama..."

"Yana ɗumama ɗuwawu amma ba ya tafiya? Ai kujera ka saya, abokina. Kujera mai fitila."

Na yi dariya har kofi ya sarƙe ni. Gwiwata tana gugar ta Sixten, kafaɗata tana gugar bango. In mutum ɗaya zai miƙe, sai biyu sun karkace.

Elof bai yi dariya ba. Agogonsa ya sake dubawa, karo na nawa ban sani ba. Shi ne kocin 'yan matan ƙungiyar hoki ta garinmu, kuma ƙarfe huɗu suna da wasan kusa da na ƙarshe.

"Koci, agogon nan zai kai ƙararka," in ji Sixten.

"Ba ka san abin da ke damuna ba. In ban je ba, baban Linnea ne zai riƙe ƙungiya."

"To mene ne? Ai yana son wasan."

"'Yarsa yake so. Sai ya sa ta buga gaba, ta buga baya, in da hali ya karɓe usur daga alƙalin wasa ya ba ta."

"Wancan makon fa," in ji Hampus, "na ji yana yi wa yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ihu wai ta lalata masa rayuwa."

"Ba 'yarsa ba ce ma," in ji Elof. "Mai goge ƙanƙara ce."

Suka kwashe da dariya. Ni dai murmushi kawai na iya. 'Yata Tilde ce za ta tsare raga yau, karon farko da aka fara da ita. Jiya ko abinci ta kasa ci. Na yi mata alkawarin zan tsaya a bayan ragarta da jar hulata don ta riƙa ganina. Ga jar hular a kaina, ga ni a nan.

Hampus ya lura. Ya tura min kofinsa, da gutsuren cuku yana narkewa a ciki.

"Za ta tsare," ya ce a hankali. "Jinin Joar ce. Ko ƙuda ba zai wuce ta ba."

"Ƙuda a watan Maris," in ji Sixten. "Ka ji mai hikima."

"Kai dai yi shiru, tuzuru. Ina labarin 'yar Luleå?"

Sixten ya haɗe rai. "Ba na son maganar."

"Mu muna so," na ce. "Ba inda za mu je."

Ya ja tsaki. Sixten direban motar share hanya ne, shekararsa arba'in da uku, kuma babu manhajar neman mata da ba shi a ciki. Hotunansa shida ne, duk shidan yana riƙe da kifi.

"Ta zo," ya ce. "Tuƙin awa uku ta yi."

"Sai me?"

"Na dafa nama da dankali. Na sayi kyandir. Har aski na yi."

"Sai me?"

"Sai ta ga karena."

"To?"

"Awa biyu tana zaune a ƙasa tana sosa masa ciki. Da za ta tafi ta ce min, wai ko yana da wani uzuri ranar Asabar."

Hampus ya kifa kai a tebur yana dukansa.

"Wacce ta gabace ta fa?" in ji Elof, wanda ya fara sakin fuska. "Wadda ta rubuto ta ce kifin hoto na uku yana da aure?"

"Ku yi ta yi," in ji Sixten. "Gara ni, mutane nake nema. Wani kuwa da kwali yake kwana."

Ya nuna Hampus da cokali.

"Ba kwali ba ne," in ji Hampus yana gyara zama. "Jari ne."

Duk garinmu an san Hampus da katunan 'yan wasan hoki. Ɗaki guda ya ware musu, kowane kati a cikin ledarsa, kuma ba ya taɓa su sai da farar safar hannu.

"Fanshona ke nan," ya ce. "Ku kuna jiran gwamnati, ni ina jiran wani yaro ɗan Kanada ya zama tauraro."

"In ya karya ƙafa gobe fa?" na ce.

"Sai fanshonsa ya kwanta asibiti," in ji Elof.

"Mu kai masa furanni," in ji Sixten. "Kai, da ka zo da su ma yau. Da fanshonka za mu hura wuta mu kwana da ɗumi."

"Gara na ƙona ka."

Iska ta daki bango, ɗakin duka ya yi ƙara kamar zai tashi. Hayaƙi ya dawo ta murhu ya cika mana ido. Muka yi tsit har ta lafa. Elof ya jefa itace ɗaya. Saura shida.

Sixten ba ya jure shiru. Ya dube ni, ya dubi Hampus, wani murmushin mugunta ya kama bakinsa.

"Tunda yau ranar tonon silili ce, ni ma ina da tambaya."

"Ba ma so," in ji Hampus.

"Kun san ni nake share layin su Majken kowace safiya."

Gabana ya faɗi.

"Wata uku ke nan ina ganin sawun wani babur a bayan gidanta. Ba ta gaba yake bi ba kamar ɗan halas. Ta bayan ɗakin itace yake zagayawa."

"Masu bin barewa ne," na ce da sauri.

"Haka na ce nima. Sai na lura ƙafar hagun babur ɗin a karkace take, tana jan layi kamar maciji. Duk faɗin garin nan mutum ɗaya na sani mai rowar da zai shekara biyu bai gyara ƙafar babur ba, saboda yana tara kuɗin kwali."

Fuskata ta ɗau zafi. Hampus ya tsura wa silin ido kamar an rubuta wani abu a can.

"Majken," in ji Sixten, "ki ce ƙarya nake."

Na rufe fuska da jar hulata.

"Kai!" Ya buga tebur. "Ni ina tuƙin awa uku, ina aski, ina sayen kyandir, ashe wannan mugun a cikin gida ya yi kamu! Tun yaushe?"

"Tun Kirsimeti," in ji Hampus, murya can ƙasa.

"Tilde ta sani?"

"Ita ta fara ganewa," na ce ta cikin hula. "Ta ce in daina ɓoye shi kamar sigari."

Sixten ya rungumo wuyan Hampus yana girgiza shi. Ni ma dariya nake, wata irin dariya mai sauƙi da na daɗe ban yi ba. Shekara shida da rabuwata da baban Tilde, ban taɓa zaton zan sake jin kunya a kan namiji ba.

Sai na ɗago na ga Elof.

Ba ya dariya. Hampus yake kallo, ido cikin ido.

"Da gaske kake yi?" ya ce.

"Aurenta zan yi, in ta yarda."

"Ka gaya mata?"

Hampus ya ɗauke kai. "Ba yanzu ba, Elof."

"Gaya min me?" na ce.

"Cewa yana minshari," in ji Sixten da sauri, da wata dariya da ba ta kai ciki ba. Ya miƙe ya fizgo rigar Hampus da ke rataye a saman murhu tana bushewa. "Bari mu gani. Na rantse akwai hotonki a walat ɗinsa. Ko ya sa ki a leda ke ma?"

"Ajiye min riga."

"Farar safa za ka riƙa sawa kafin ka riƙe hannunta?"

"Sixten, ba ni walat ɗin nan!"

Wannan ba muryar wasa ba ce. Hampus ya zabura, ya ture tebur, kofi ya zube. Ya kama hannun Sixten, walat ɗin ya buɗe, wani abu ya sulalo ya faɗi a kan takalmina.

Kati ne a cikin leda mai kauri.

Na sunkuya na ɗauka ina cewa, "Haba, a kan kwali za ku karya mana..."

Maganar ta tsaya a maƙogwarona.

Hoton wani tsohon gola ne ɗan garinmu, wanda ake kira Bango, da sa hannunsa da shuɗin biro. A kusurwar dama ta ƙasa akwai 'yan ramuka biyu ƙanana, kusa da juna.

Na san ramukan nan. Haƙoran Tilde ne. Tana wata takwas ta fizge shi daga aljihun kawunta ta gartsa masa cizo. Joar ya yi dariya ya ce yanzu katin yana da sa hannun gola biyu.

Tun yana ɗan shekara goma Bango ya ba shi katin nan hannu da hannu. Bai taɓa fita ba tare da shi ba. Kullum yana aljihun ƙirjinsa.

"Na Joar ne," na ce.

Ba wanda ya amsa.

"Da aka ciro shi daga ruwa na duba aljihunsa da hannuna. Babu. Na ce ruwa ya tafi da shi." Na juya katin. Fes yake, tawadar ba ta ko yi nashe ba. "Katin nan bai taɓa shiga ruwa ba."

"Majken..."

"Ina ka samo shi?"

"Ba ni ya yi. Tun kafin..."

"Kada ka yi min ƙarya, Hampus. Da safen ranar ya biyo ta gidana. Tilde ta zaro shi tana wasa da shi, ya karɓa ya mayar aljihu a gabana. Daga nan tafki ya nufa."

Sixten ya koma ya zauna a hankali, walat ɗin har yanzu a hannunsa. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Ban san ka ajiye shi ba," ya ce wa Hampus. "Wallahi ban sani ba."

Na juyo gare shi. "Ba ka san ya ajiye ba? Ke nan ka san ya ɗauka?"

Ya sunkuyar da kai.

Na dubi Elof. Shi ma ƙasa yake kallo.

Wani sanyi ya ratsa ni wanda ba na iska ba.

"Ku kuka ce min shi kaɗai ya fita ranar. Kuka ce kuna gari. Kuka ce sai da yamma kuka bi sawunsa kuka ga ramin a bakin kogi." Muryata rawa take. "Kuna tare da shi?"

"Ni ina tare da shi," in ji Hampus.

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai ne mai laifi."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya haɗiye wani abu. "Duk muna nan. A ɗakin nan."

Na miƙe ban san na miƙe ba. Na taka ƙafar Sixten, na ture kujera, na ja ƙofa da ƙarfi. Ta buɗe ta ciki, sai ga bangon dusa a gabana, ta saman kuma iska ta watso min ƙanƙara a fuska kamar tsakuwa. Na sa hannu biyu na fara tona.

"Majken, ko taku goma ba za ki yi ba," in ji Elof.

"Kada ka taɓa ni!"

Bai taɓa ni ba. Ya jira har hannuwana suka daina ji, sannan ya sa kafaɗa ya mayar da ƙofar. Na jingina da ita ina haki. Daga inda nake zuwa inda Hampus yake bai kai taku biyu ba. Nan ne iyakar nisan da zan iya yi da shi.

"Shekara goma sha ɗaya," na ce. "Joar ne ya koya wa kowannenku cewa ba a bin bakin kogi, ko da tsakiyar hunturu. Shi ya kafa jan ƙyalle a wurin. Kun san abin da mutanen gari suka ce? Wasu suka ce a buge yake. Wasu suka ce da gangan ya yi. Babanmu ya daina shiga kanti saboda kallon da ake masa. Mamanmu har ta mutu tambaya ɗaya take yi, me ya kai shi wurin? Kai ka ɗauki akwatin gawarta, Hampus. Kai da Elof a gaba."

"Na sani."

"To me ya kai shi?"

Ya ɗago. Idanunsa sun yi jajur.

"Tsere muka yi."

"Hampus," in ji Elof.

"Tsere muka yi," ya maimaita da ƙarfi. "Ni na zuga shi. Na ce ba zai iya tsallake bakin kogi ba. Ya ce zai iya. Na ce ya ajiye katin, in ya kasa nawa ne. Ya ajiye. Ya tafi. Shi ke nan."

"A kan kati?"

"A kan kati."

"Ka kashe min ɗan'uwa a kan kwali, sannan ka sa shi a leda kana yawo da shi?"

Bai ce komai ba.

"Ka zauna a teburina. Ka koya wa Tilde yadda kawunta yake riƙe sanda. Jiya-jiyan nan kai ka ɗaure mata igiyar takalmi kana cewa da yana nan da ya yi alfahari da ita." Na ji hawaye yana daskarewa a kumatuna. "Wane irin mutum ne kai?"

"Irin wanda kika faɗa."

"Kalle ni!"

Ya kalle ni.

"In mun fita daga nan, kada na sake ganin sawun babur ɗinka a layinmu. Kada ka je filin wasa. In ka ga Tilde a hanya ka tsallaka. Kuma da bakinka za ka je ka faɗa wa babana."

"To."

Haka kawai. To. Kamar wanda ya daɗe yana jiran hukuncin.

Sai na ji wani sauti a gefena. Sixten ne. Ƙaton mutum, ya rufe fuska da tafukansa yana kuka kamar zai shiɗe.

"Ƙarya yake," ya ce.

"Rufe bakinka," in ji Hampus.

"Ƙarya yake, Majken. Babu wani tsere."

"Na ce ka rufe bakinka!" Hampus ya shaƙo wuyan rigarsa. "Mun rantse, Sixten! A bakin ramin nan muka rantse!"

"Sake shi," in ji Elof.

Bai ɗaga murya ba. Muryar da yake tsayar da 'yan mata ashirin a kan ƙanƙara ce. Hampus ya saki.

"Rantsuwar ta warware tun ranar da ka fara ajiye babur a bayan gidanta," in ji Elof. "Ba za ka aure ta a kan ƙarya ba. Kuma ba zan zauna ina kallo ta tsane ka a kan abin da ba ka yi ba."

"Gara ta tsane ni."

"Ba kai za ka zaɓa mata ba. Mun zaɓa mata sau ɗaya, ka ga inda ya kai mu."

"Elof, don girman Allah." Hampus ya durƙusa a ɗan wurin da ke tsakanin murhu da tebur, ya riƙe gwiwar Elof. "Na ɗauka. Na ce na ɗauka. Ka bar shi a kaina."

Ban taɓa ganin Hampus yana roƙon kowa ba. Wannan ya fi komai tsorata ni.

"Wani ya yi min magana," na ce.

Elof ya cire hularsa ya ajiye a cinya.

"Zauna, Majken."

"A tsaye zan ji."

Ya gyaɗa kai.

"Ranar mun kama kifi da yawa. Joar yana nan inda Sixten yake, yana fiɗa. Ya zaro katin da wayarsa ya ajiye a tebur don kada su ɓaci. Rana ce mai kyau, babu iska. In gari ya yi haka, wani lokaci sabis yakan ɗan shigo ta tagar nan."

Ya nisa.

"Sai wayar ta yi ƙara. Saƙon murya. Hannunsa duk jini, ya ce, Elof danna min. Na danna. A sifika take. Duk muka ji."

"A'a," na ce. "A'a. A mota aka samu wayarsa. A kashe. Kai da kanka ka kawo min ita."

"Ni na kashe ta. Ni na kai ta motar."

Ƙafafuna suka saki. Na zame a jikin ƙofa har ƙasa.

Ranar Tilde tana shekara huɗu. Bayan tafiyar Joar zazzaɓi ya rufe ta, kafin tsakar rana idanunta suka juye, jikinta ya sandare a hannuna. Babanta yana ƙarƙashin ƙasa a wurin haƙar tama, mota tana wurinsa. Na kira Joar, ba ta shiga ba. Na yi ta ihu a cikin wayar, ban ma san me nake faɗa ba. Daga baya maƙwabciyata ta kai mu asibiti. Kafin yamma zazzaɓin ya sauka, Tilde tana zaune a gado tana shan lemo tana neman a kunna mata talabijin.

Da suka zo da labarin Joar, abin da na fara tambaya ke nan. Ina wayarsa? Elof ya miƙo min ita ya ce, "A mota ya manta ta. Bai ji komai ba."

Bai ji komai ba. A kan kalmomin nan na tsaya da ƙafafuna shekara goma sha ɗaya.

"Ko hannu bai wanke ba," in ji Elof. "Ko safa bai ɗauka ba. Kafin mu tayar da namu baburan ya yi nisa. Muna bayansa muna ihu. Ta hanyar da aka saba, minti hamsin ne zuwa gari. Ta bakin kogi, ashirin."

"Ya isa," in ji Hampus. "Elof, ya isa haka."

"Ya san wurin," na ce. Ban gane muryata ba. "Ya fi kowa sanin wurin. Ko don Tilde ba zai bi ta nan ba. Zai zagaya. Joar zai zagaya."

Ba wanda ya tanka. Wutar murhu ta ja baya, babu wanda ya motsa ya ƙara itace.

"Me na ce a saƙon?"

Sixten ya girgiza kai yana kuka.

"Hampus. Me na ce?"

Ya juya fuskarsa ga bango.

"Elof."

Elof ya daɗe yana murza hular da ke cinyarsa. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Kin ce, 'Yaya, Tilde za ta mutu. Ka zo yanzu. Kada ka zagaya, ka biyo ta bakin kogi.'"